YA CE "TO", YA KUMA FASA: INA MATSAYIN ALKAWARI?

Ranar Talata 27 ga Agusta 2024, Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Nijeriya ta ba da sanarwa cewa ta ɗauki wani Bajamushe, Bruno Labbadia, ya zama mai horar da babbar ƙungiyar ƙasa, wato Super Eagles. Mutumin ba baƙo ba ne ga wannan aiki, gama ya taɓa riƙe manyan ƙungiyoyi a ƙasarsu, irin su Hamburg da Wolfsburg da Stuttgart. Labari ya bazu. A Bauchi ma, daga gidajen kallon ƙwallo na Yelwa har zuwa teburan masu shayi na Wunti, samari suka shiga muhawara a kan ko zai iya ko ba zai iya ba. Amma kafin mako ya ƙare muhawarar ta zama ta banza. Ranar Juma'a 30 ga watan, shugaban hukumar, Ibrahim Musa Gusau, ya bayyana cewa maganar ta rushe. Ya ce dokar haraji ta ƙasar Jamus ce ta kawo cikas, domin an bukaci hukumar ta ɗauki nauyin harajin da zai hau kan albashin mutumin, abin da ba ya cikin shirin farko. Labbadia bai taɓa tsayawa a bakin fili da 'yan wasan ba ko sau ɗaya. A lokacin kuwa saura kwana takwas a kara da ƙasar Benin a Uyo. Sai aka ɗora wa Augustine Eguavoen riƙon ƙwarya.

Wani zai ce, me ya haɗa mujallar ikkilisiya da zancen ƙwallo? Abin da ya haɗa su shi ne wata tambaya wadda ta girmi ƙwallo, wadda kuma take shiga kowane gida na masu bi. Idan mutum ya karɓi aiki, ya ce ya yarda, jama'a suka ji, yana da iko ya juya ya ce ya fasa? Idan yana da shi, a wane hali? Idan kuwa ba shi da shi, me zai yi sa'ad da ya gane ya yi kuskure?

BA WANNAN NE FARAU BA

A watan Yuli na 2016 hukumar nan ta taɓa sanar da sunan wani Bafaranshe, Paul Le Guen, shi ma bai zo ba. Bayanin da aka bayar a lokacin shi ne bai amince da sharaɗin zama a Nijeriya ba, da kuma mizanin nasarar da aka gindaya masa. A watan Agusta aka ɗauko Gernot Rohr, wanda ya kai ƙasar gasar cin kofin duniya ta 2018. A cikin wannan wata na Yuli ɗin dai, ƙungiyar Lazio ta ƙasar Italiya ta sanar da ɗaukar Marcelo Bielsa, mutumin Ajantina. Bayan kwana biyu ya ce ya fasa, bisa dalilin cewa ba a sayo 'yan wasan da aka yi masa alkawari a kan lokaci ba.

A Amurka kuma akwai labarin Billy Donovan, mai horar da 'yan ƙwallon kwando na Jami'ar Florida, wanda ya ci wa jami'ar kofin ƙasa a 2006 da 2007. A ranar 1 ga Yuni 2007 aka gabatar da shi gaban 'yan jarida a matsayin sabon mai horar da ƙungiyar ƙwararru ta Orlando Magic, a kan kwantiragin shekara 5 na dala miliyan 27.5. Ba a yi kwana biyu ba zuciyarsa ta koma ga ɗalibansa. Ba a cuce shi ba, ba a ɓoye masa kome ba. Shi ne kawai ya ga ba nan hankalinsa yake ba. Ya roƙa a sake shi, aka sake shi, da sharaɗin ba zai karɓi aiki a gasar ƙwararrun ba har shekara 5.

Ga ido, dukan mutanen nan abu ɗaya suka yi. Amma wanda ya duba da kyau zai ga dalilansu sun bambanta, hukuncinsu kuwa ba zai zama ɗaya ba.

ABIN DA "NA YARDA" KE HAIFARWA

Bahaushe ya ce alkawari kaya ne. Ya kuma ce magana zarar bunu ce. Ma'anar duka biyun ita ce kalmar da ta fita daga baki ta daina zama mallakar mai ita shi kaɗai. Kafin mutum ya ce ya yarda, ranakunsa nasa ne, ya yi yadda ya ga dama da su. Da zarar ya faɗa, ya miƙa wani yanki na gobensa a hannun wani, wancan kuwa zai fara gini a kai.

A dubi abin da ke biyo bayan karɓar aiki. Mai ɗaukar aikin zai sallami sauran masu nema, su kama gabansu. Wanda ke riƙe da wurin zai fara tattara kayansa. Wurin da sabon ma'aikacin zai bari su ma za su fara neman wanda zai gaje shi, wannan kuma zai gaya wa matarsa su shirya ƙaura. Kalma ɗaya ta motsa gidaje da dama waɗanda mai maganar bai taɓa shiga ba. Idan ya janye, kowa cikinsu sai ya kwance abin da ya ɗaura, wani kuwa ya riga ya yi asarar da ba za ta dawo ba.

Mutanen Bauchi sun san wannan a ƙungiyarsu ta Wikki Tourists, wadda ta samo sunanta daga maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Yankari, ta kuma ci Kofin Ƙalubale a 1998. Mai horarwa shi ke faɗin wane ɗan wasa za a ɗauko, wane za a sallama. Yaron da ya baro Azare ko Gombe ko Jos saboda koci ya kira shi, ya kama haya kusa da filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa, a kan maganar mutum ɗaya ya dogara. A 2016 Abdu Maikaba ya kai Wikki matsayi na uku a gasar ƙasa, bayan an rufe kakar wasa ya koma Akwa United, inda ya ci kofi a 2017. Magoya baya sun ji zafin rabuwar, amma akwai bambanci mai girma tsakanin wanda ya kai kaya masauki sa'an nan ya yi sallama, da wanda ya jefar da su a bakin hanya. Barin aiki ba laifi ba ne. Tambayar ita ce yaushe, kuma ta yaya.

Saboda haka ne Littafi Mai Tsarki bai ɗauki wannan al'amari da sauƙi ba. Sa'ad da Dawuda ya lissafta halayen wanda ya cancanci zama a gaban Ubangiji, ya sa a ciki mutumin da ke cika abin da ya rantse ko da cikawar za ta jawo masa hasara (Zabura 15:4). Ubangiji Yesu ya ƙara ɗaga mizanin, ya koya wa almajiransa kada su bukaci rantsuwa ma, amsarsu kawai ta isa shaida (Matiyu 5:33-37). Ga mai bi, sa hannu a takarda ba shi ne mafarin nauyi ba. Tun daga baki nauyin ya hau.

HUJJAR MAI JANYEWA

Duk da haka, ba daidai ba ne a yanke hukunci ba a ji ta bakin ɗaya ɓangaren ba. Mai janyewa yana da hujja, ba kuwa ƙarama ba. Zai ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wane amfani ƙungiya za ta samu daga mai horarwa wanda jikinsa ke fili, zuciyarsa na wani gari? Idan ya daure ya zauna, ya yi wata shida yana aikin ganin ido, sa'an nan ya tafi a tsakiyar kaka, ɓarnar ba za ta fi ta kwana uku ba? Ashe faɗin gaskiya da wuri bai fi riya mai tsawo ba?

Akwai gaskiya a nan. An yi alkawari domin amfanin wanda aka yi wa, ba domin a yi wa kalma sujada ba. Manzo Bulus da kansa ya taɓa sāke shirinsa. Ya gaya wa ikkilisiyar Koranti zai biyo ta wurinsu sau biyu, bai kuwa yi hakan ba, har waɗansu suka zarge shi da magana biyu. Da ya ba da amsa, ya nuna cewa domin ya tausaya musu ne ya fasa, kada zuwansa ya zama na baƙin ciki (2 Korantiyawa 1:15 zuwa 2:4). Abu biyu suka fito a nan. Ya fasa ne domin amfaninsu, ba domin nasa ba, bai kuma ɓuya ba, ya rubuta ya yi bayani.

Sai dai hujjar tana da rami a cikinta. Mai janyewa shi ne mai ƙara, shi ne kuma alƙali. Yana da sauƙi ƙwarai mutum ya rinjayi kansa cewa tafiyarsa alheri ce ga waɗanda ya bari, musamman idan inda za shi ya fi maiƙo. Zuciya gwanar lauya ce. Idan kuma aka ce kowane alkawari yana tsaye ne muddin mai shi yana jin daɗinsa, to, babu sauran alkawari a duniya, gama ba wanda ke bukatar a ɗaure shi ga abin da yake marmari. Ranar da marmari ya ƙare ita ce ranar da aka yi alkawari dominta.

DALILAI UKU, HUKUNCI UKU

Dalili na fari shi ne idan abin da aka yi alkawarinsa mugunta ne. Sarki Hirudus ya rantse wa 'yar Hirudiya a gaban baƙinsa zai ba ta duk abin da ta roƙa. Da ta roƙi kan Yahaya Maibaftisma ransa ya ɓaci, amma saboda rantsuwar da kuma idon manyan da ke zaune, ya aika aka kashe adali (Markus 6:21-28). Ba wanda zai kira wannan riƙon amana. Kunyar mutane ce ta fi masa tsoron Allah. Dawuda kuwa ya rantse zai hallaka mazajen gidan Nabal, Abigail ta tare shi a hanya ta ba shi magana, ya mai da takobinsa, har ya yabi Allah da ya hana shi zub da jini (1 Sama'ila 25). Don haka mai horarwa wanda ya karɓi aiki, ya tarar ana so ya rage shekarun yara a takarda, ko ya sayar da wasa, ko ya kai wa alƙalin wasa toshiya, wajibi ne ya fita, ko da jiya ya sa hannu. Haka ma akawu, haka ma malamin asibiti. Babu alkawarin da ke ɗaure mutum ga zunubi.

Dalili na biyu shi ne idan ɗaya ɓangaren ne ya fara warware nasa. Yarjejeniyar aiki ƙafa biyu gare ta, idan aka sare ɗaya ba za a zargi ɗayar da faɗuwa ba. Wannan ita ce hujjar da Bielsa ya kawo. Ita ce kuma Sunday Oliseh ya kawo sa'ad da ya ajiye aikin horar da Super Eagles a watan Fabrairu na 2016, wata bakwai bayan ya karɓa, yana kukan rashin biyan albashi da saɓa sharuɗan kwantiragi. Yakubu ya yi wa Laban barantaka shekara ashirin, Laban yana ta sauya masa lada, a ƙarshe Allah da kansa ya ce masa ya tashi ya koma ƙasarsu (Farawa 31). Wanda aka yaudara ya shiga, ko aka ƙi cika masa abin da aka faɗa, yana da 'yancin fita.

Amma ko a nan akwai labarin da ya kamata ya sa mai bi ya dakata. Mutanen Gibeyon sun zo wurin Joshuwa da tsofaffin tufafi da busasshiyar gurasa, suka ce daga ƙasa mai nisa suka fito. Shugabannin Isra'ila suka rantse musu da zaman lafiya ba tare da sun nemi nufin Ubangiji ba. Bayan kwana uku gaskiya ta fito, ashe maƙwabta ne. Jama'a suka yi gunaguni, amma shugabannin suka ƙi taɓa su saboda sunan da suka rantse da shi (Joshuwa 9). Shekaru masu yawa daga baya Saul ya karya wannan alkawari, aka kuwa yi yunwa shekara uku a zamanin Dawuda saboda shi (2 Sama'ila 21). A gaban kowace kotu ta duniya Joshuwa yana da hujjar warwarewa. Bai yi amfani da ita ba, domin sunan Allah yana ciki, rayukan mutane kuma sun rataya a kai. Darasin shi ne samun 'yancin fita bai rufe magana ba. Sauran tambaya ita ce, wa zai sha wahala idan aka fita? Shugabannin da suka yi ƙarya ne, ko yaran da ba su san kome ba? Malamin da hukumar makaranta ta saɓa masa yana da iko ya tafi, amma idan saura wata ɗaya 'yan aji shida su zauna jarrabawa, ƙauna za ta iya ce masa ya jira su gama.

Dalili na uku shi ne wanda ya fi yawa, shi ne kuma mafi rauni. Ba a bukaci mugunta ba, ba a karya sharaɗi ba, zuciya ce kawai ta sauya, ko kuwa wata ƙofa mai faɗi ta buɗe. A nan ne maganar Zabura ta 15 take da haƙora. Hasarar da ake nufi ita ce irin wannan, wato albashin da ya fi, da garin da ya fi daɗi, da sunan da ya fi girma. Wanda ya janye a kan wannan dalili kaɗai, ba tare da yardar ɗaya ɓangaren ba, ya ɗauki abin da ya riga ya bayar. Ko an kira shi dabara ko neman ci gaba, sunansa na gaskiya saɓa alkawari.

ROƘON SAKI BA ƊAYA YAKE DA GUDU BA

To, wanda ya gane ya yi kuskure fa, sai ya zauna cikin ƙunci har ƙarshe? Ba lalle ba. Tun da alkawari haƙƙi ne na wanda aka yi wa, shi ne ke da ikon yafe shi. Littafin Karin Magana ya shawarci wanda bakinsa ya sa shi a tarko ya tafi wurin maƙwabcinsa da sauri, ya ƙasƙantar da kansa, ya roƙa a kwance shi, kada ma ya bari barci ya ɗauke shi kafin ya yi haka (Karin Magana 6:1-5). Hanyar ke nan, tana kuma da matakai.

Ya je da kansa, ido da ido. Saƙon waya da kashe layi ba halin mai bi ba ne. Ya je da wuri, gama kowace rana da ya jinkirta ana ƙara gini a kan maganarsa. Ya faɗi ainihin dalili, kada ya laƙa wa iyali ko rashin lafiyar da babu, kada kuma ya ce Ubangiji ne ya yi masa magana alhali albashi ne ya yi. Ya ɗauki asarar da ta biyo baya, ya mayar da kuɗin da ya karɓa, ya taimaka a sami wanda zai maye gurbinsa. Abu mafi wuya kuma, ya tafi da shirin cewa za a iya ce masa a'a. Wanda ya riga ya ɗaure kayansa kafin ya zo roƙo, sanarwa ya zo yi.

Ta wannan fuska labarin Donovan yana da abin koyi. Ya jawo wa mutane wahala, ba a musu. Amma ya amsa a fili cewa kuskuren nasa ne, ya nemi saki, ya karɓi sharaɗin da aka sa masa, bai kuwa shiga gasar ƙwararrun ba sai a 2015. Bai fita da hannu mai tsabta sarai ba, amma ya biya kuɗin maganarsa.

LAIFIN DA KE GABAN "TO"

Yawancin alkawaran da ake karyawa tun ranar ɗaura su suka karye. Ubangiji Yesu ya yi misali da mai son gina hasumiya, wanda ya kamata ya fara zama ya yi lissafi, kada ya sa harsashi ya kāsa gamawa ya zama abin dariya (Luka 14:28-30). Zancen haraji, da wurin zama, da makarantar yara, da ra'ayin matar gida, duka abubuwa ne da ake tambaya kafin a amsa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A ƙasar Hausa akwai wani abu kuma da ke ƙara dagula lamarin, wato kunya. Yaro ba ya iya ce wa babba a'a. Dattijon ikkilisiya zai kira saurayi ya ce ana so ya riƙe ajin Makarantar Lahadi, saurayin ya sunkuyar da kai ya ce "To, Baba," alhali ya san ba zai zo ba. Kunya ado ce, amma kunyar da ke haifar da ƙarya ta zama tarko. A misalin 'ya'ya biyu da mahaifinsu ya aika gona, wanda ya amsa da ladabi bai je ba shi ne ya kāsa, wanda ya ƙi da fari ya tuba ya tafi shi ne ya yi nufin uban (Matiyu 21:28-31). Iyaye za su yi wa 'ya'yansu babban alheri idan suka koya musu yadda ake cewa "Baba, a ba ni kwana biyu in yi tunani," ko "Mama, a gafarce ni, ba zan iya ba," cikin ladabi. Manya kuma su koyi karɓar irin wannan amsa ba tare da fushi ba.

Haka nan kalmar "in Allah ya yarda". Yakubu ya koyar da ita domin mutum ya tuna ransa ba a hannunsa yake ba (Yakubu 4:13-15). Amma a bakin mutane da yawa ta zama ƙofar baya, wadda ake bari a buɗe domin a sulale. Wanda ya faɗe ta yana da niyyar ƙin zuwa ya jingina ƙaryarsa ga sunan Allah.

Masu ɗaukar aiki su ma suna da nasu kason. Sau biyu cikin shekara takwas aka shelanta wa ƙasa sunan mai horarwa tun ba a gama daidaita sharuɗa ba. Wannan shi ne cinikin biri a sama. Kafin ikkilisiya ta yi wa hukumar ƙwallo dariya, sai ta tuna laifi tudu ne. Makarantu nawa na ikkilisiya ne suka ɗauki malami a kan wani albashi, wata uku ba a biya shi ba, da ya tafi aka ce ba shi da zuciyar hidima? Masu bishara nawa aka tura ƙauyukan Ningi ko Dass da alkawarin ɗaki da abin hawa, aka manta da su? Maganar Allah ta ce ladan ma'aikaci da aka danne yana kuka, kukan kuwa yana kaiwa kunnen Ubangiji (Yakubu 5:4). Wanda ba ya cika nasa ba shi da bakin neman a cika masa.

DAGA FILIN WASA ZUWA TSAKAR GIDA

Ƙalilan ne cikin masu karatu za su taɓa horar da ƙungiyar ƙasa, amma babu gidan da wannan jarrabawa ba ta shiga. Budurwar da ta karɓi aikin jinya a ƙaramin asibiti a Bogoro, mako na biyu takarda ta zo daga Abuja. Tela da ya karɓi ɗinkin Kirsimeti fiye da abin da kekensa zai iya. Magidanci da ya miƙe a ranar gidauniyar ginin majami'a ya ambaci buhun siminti hamsin domin a tafa masa, shekara ta zagayo ba a ga ko ɗaya ba. Matar da ta kwashi adashi a zagayen farko, ta fara wasan ɓuya. Saurayin da aka kai kayan baikonsa, iyaye suka san juna, sa'an nan ya ga wata. A wannan na ƙarshe ma, fasawa kafin aure ta fi auren ƙarya, amma sai ya je gidan da ƙafarsa tare da manyansa, ya ɗauki kunyar a kansa, kada ya bar yarinya da tsegumin gari.

Yara suna kallon dukan waɗannan. Uban da ya ce zai zo ranar ba da kyaututtuka a makaranta bai zo ba, bai kuma nemi gafara ba, ya koyar da darasin da wa'azin Lahadi goma ba zai goge ba. A gari kamar Bauchi, inda Kirista da Musulmi ke ciniki a kasuwa ɗaya, maƙwabcin da ba zai taɓa shiga majami'a ba yana karanta bishara a cikin maganar mai bi. Idan aka san cewa "to" ɗin wane ba ya tashi, wannan shaida ce da ba ta bukatar lasifika.

GA WANDA YA RIGA YA FĀƊI

Akwai wani saurayi a Sabon Alkawari wanda ya karɓi aiki ya fasa. Yahaya Markus ya bi Bulus da Barnaba a tafiyarsu ta fari, da suka isa ƙasar Bamfiliya ya rabu da su ya koma Urushalima (Ayyukan Manzanni 13:13). Abin ya yi wa Bulus zafi, har da aka tashi tafiya ta biyu ya ƙi a ɗauke shi. Gardama ta yi tsanani, manyan abokai biyu suka rabu, Barnaba ya ɗauki Markus zuwa Kubrus, Bulus ya zaɓi Sila. Janyewar mutum ɗaya ta raba zumuncin shekaru. Bulus yana da gaskiya, gama ba a ɗora kaya a kan wanda ya taɓa jefarwa ba tare da an gwada shi ba. Barnaba ma yana da gaskiya, gama kuskure ɗaya ba shi ne dukan mutum ba. A ƙarshen ransa, daga kurkuku, Bulus ya rubuta wa Timoti ya zo masa da Markus, domin yana da amfani a gare shi cikin hidima (2 Timoti 4:11). Amanar da ta zube takan dawo, amma a hankali, ta wurin ƙananan alkawarai da aka cika ɗaya bayan ɗaya.

Bitrus ma ya yi alkawarin mutuwa tare da Ubangijinsa, kafin gari ya waye ya yi musunsa sau uku, duk da haka aka sāke danƙa masa kiwon tumaki. Begen mai bi yana kan Wanda bai janye ba. A Getsamani Yesu ya ga nauyin abin da ke gabansa sarai, ya roƙi Uba ko akwai wata hanya, da babu kuwa ya tashi ya tafi ya cika.

Saboda haka duk wanda ke riƙe da takardar ɗaukar aiki a yau, bai amsa ba tukuna, ya zauna ya yi lissafi, ya yi addu'a, ya shawarci iyalinsa. Wanda ya riga ya amsa, ya tsaya a kan maganarsa. Wanda kuma ya san akwai ƙofar da ya bari ba sallama, ko shekara nawa ke nan, ya koma ya ƙwanƙwasa ta tun yana da sauran numfashi. Allah mai aminci ya ba jama'arsa bakin da za a iya dogara da shi. Amin.